Sonny Terry da Brownie McGhee: 'Yan birnin da aka biya su zama 'yan ƙauye

Ranar 7 ga Mayun 1964, gidan talabijin na Granada ya kwashi matasa 'yan kallo a jirgin ƙasa daga tsakiyar birnin Manchester zuwa wata tsohuwar tasha da ke titin Wilbraham, wadda fasinja suka daɗe da daina amfani da ita. An yi wa tashar ado don ta yi kama da tashar ƙauye a kudancin Amurka: ga buhuna, ga akwatunan katako, ga kujera mai lilo, har da kaji da akuya. 'Yan kallo suka zauna a gefe ɗaya na layin dogo, makaɗa suna ɗaya gefen. Ana cikin shiri sai ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, abin da ba zai ba duk wanda ya taɓa zama a Manchester mamaki ba.

Cikin waɗanda suka yi wasa a ranar akwai Muddy Waters da Sister Rosetta Tharpe, akwai kuma wasu dattawa biyu da ba a cika ganin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Na farko makaho ne mai busa harmonika, wato ɗan abin busar nan na ƙarfe da ake sa wa a baki, sunansa Sonny Terry. Na biyun mai jita ne da ke ɗingishi, sunansa Brownie McGhee. Kiɗan da suke yi shi ne buluz, wanda ake rubutawa blues da Turanci, kuma irin na karkara, wanda ba a haɗa shi da lantarki ko ganguna.

Abin da kajin da akuyar suka ɓoye shi ne, a ranar nan mutanen biyu sun shafe shekara 22 suna zaune a New York. Sun yi wasa a manyan gidajen wasan kwaikwayo na Broadway, ɗayansu ya taɓa yin waƙar rawa da ta yi tashe a faɗin Amurka, kuma rabonsu da gona an manta. 'Yan birni ne ƙwararru da suka fahimci cewa masu biyan kuɗin tikiti ƙauye suke son gani, suka kuma sayar musu da shi har kusan shekara 40. Yadda suka kai ga haka, da abin da hakan ya ci musu, ya isa a tsaya a duba.

Inda kuɗin taba yake

An haifi Sonny Terry a 1911, sunansa na yanka Saunders, kuma a jihar Carolina ta Arewa ya tashi. Mahaifinsa manomi ne mai busa harmonika idan an tashi daga aiki, a wurinsa ya koya. Hatsari biyu daban-daban ne suka raba shi da idanunsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya wuce shekara 16. A kudancin Amurka na wancan zamani, lokacin dokokin wariyar launin fata, baƙar fata talaka abu biyu ne gabansa: gona ko masana'anta. Makaho ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa idan mai karatu ya duba jerin makaɗan buluz na farko zai ga sunaye da yawa sun fara da kalmar da ke nufin makaho: Blind Lemon Jefferson, Blind Blake, Blind Willie McTell, Blind Boy Fuller. Ba makanta ce ke kawo baiwar kiɗa ba. Bakin titi ne kaɗai wurin aikin da ba a rufe musu ba.

Shi kuwa Brownie, Walter Brown McGhee, an haife shi a Knoxville ta jihar Tennessee a 1915, ya tashi a garin Kingsport. Shan inna ta kama shi yana ƙaramin yaro, ta nakasa masa ƙafar dama. A ɗan keken katako ake yawo da shi, ƙaninsa Granville ne ke tura shi da sanda, kuma daga nan ƙanin ya samo laƙabin Stick, wato sanda, wanda ya bi shi har kabari. Sai da Brownie ya haura shekara 20 aka yi masa tiyatar da ta ba shi damar tafiya da ƙafarsa, duk da cewa ɗingishin bai rabu da shi ba. Kafin nan ya riga ya ƙware a jita, ya kuma yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Da ya samu ƙafa sai ya shiga duniya, gari gari, yana kiɗa inda duk aka tara jama'a.

Garin da ya haɗa zaren labarin shi ne Durham a Carolina ta Arewa, cibiyar taba. Dukiyar iyalan Duke, waɗanda jami'ar Duke ke ɗauke da sunansu a yau, daga tabar garin ta fito. Idan kaka ta yi manoma kan kawo ganyen tabarsu manyan sito-sito a yi gwanjonsa, su karɓi kuɗin shekara a dunƙule, ma'aikatan kamfanonin sigari kuma suna karɓar albashi duk mako. Inda kuɗi ke yawo a aljihun talaka, nan makaɗi ke shimfiɗa hularsa. Sarkin makaɗan bakin siton Durham shi ne Blind Boy Fuller, wanda ya naɗi waƙoƙi fiye da 120 a faifan garmaho tsakanin 1935 da 1940. Sonny ya zama abokin kiɗansa, kuma tare suka fara shiga ɗakin naɗar murya a 1937.

A Disamban 1938 wani Bature mai farautar makaɗa, John Hammond, ya shirya gagarumin taron kiɗan baƙar fata a zauren Carnegie na New York, zauren da aka saba jin kiɗan manyan Turawa a cikinsa. Ya sauka Durham neman Fuller, ya tarar yana tsare a gidan yari, sai ya tafi da Sonny. A wannan dare ne aka gabatar da Big Bill Broonzy a matsayin manomi daga Arkansas, alhali mutumin ya yi shekaru yana zaune a Chicago, faya-fayansa suna cike da kasuwa. Ke nan tun daren farko an nuna wa makaɗan irin rigar da ake so su sa idan za su tsaya gaban farar fata.

Fuller ya rasu a Fabrairun 1941. Manajansa, J. B. Long, wani Bature mai kula da kanti wanda ke haɗa makaɗa da kamfanin faifai, bai bar kasuwar ta huce ba. Ya riga ya kai Brownie Chicago a 1940 an naɗi waƙoƙinsa na farko. Yanzu sai ya miƙa masa jitar ƙarfen mamacin, ya sa shi ya yi waƙar ta'aziyya mai suna "Death of Blind Boy Fuller", aka kuma buga wasu faya-fayansa da sunan Blind Boy Fuller na biyu. Mutum mai ido biyu garau ya fara suna da laƙabin makaho, kuma makahon ma wani ne daban.

Sonny ya rasa mai jita, ya kuma rasa abokin tafiya. Brownie yana da ido, yana da jita, yana neman hanyar fita daga kudu. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniyar makaho da gurgu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A 1942 suka je Washington aka naɗi kiɗansu don ajiya a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, a shekarar kuma suka tare a New York. Ba su kaɗai ba ne a kan wannan hanya: baƙar fata kimanin miliyan 6 ne suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970.

Me kunne zai nema

Kafin mu bi su New York, bari mu ɗan tsaya kan kiɗan kansa, don wanda bai saba ba zai iya jin waƙa uku ya ce ai duk ɗaya ce.

Baitin buluz yawanci layi uku ne. Mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da ke warware na farkon ko ya yi masa ba'a. Bayan kowane layi akwai ɗan fili da aka bari, kuma a filin nan ne abin kiɗa ke ba da amsa. Mu da muka san aikin 'yan amshi ba za mu sha wahalar gane tsarin ba, sai dai a nan ɗan amshin ba mutum ba ne, harmonikar Sonny ce.

Salon jitar Brownie shi ake kira na Piedmont, sunan yankin tuddai da ya miƙe daga Virginia zuwa Jojiya. Babban yatsa yana kai da komo a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da taki kamar mai daka, sauran yatsun kuma suna tsinkar karin waƙar a kan sirara. Mutum ɗaya ne, amma sai ka ji kamar biyu. Wannan ya bambanta da salon yankin Mississippi da aka fi sani, wanda ya fi nauyi da duhu, inda sau da yawa ake goga wuyan kwalba a kan tsirkiya don ta yi kuka. Kiɗan Piedmont na rawa ne, yana da sauƙin rai ko da kalmomin na baƙin ciki ne. Muryar Brownie kuma a sarari take, kowace kalma tana fita. Wannan ƙaramin abu ya yi musu rana daga baya, lokacin da suka tsaya gaban Jamusawa da Faransawa masu Turancin makaranta.

Harmonika kuwa labarinta ya fi ban sha'awa. Kayan Jamus ce, kamfanin Hohner ne ya cika Amurka da ita, kuma an tsara ta ne don waƙoƙin gargajiyar Turawa. Ramuka 10 gare ta, kowane rami da harshen ƙarfe biyu: ɗaya yana kaɗawa idan ka hura, ɗayan idan ka zuƙa. Kowace an ƙera ta a kan sauti guda, an buga harafinsa a jikinta. Abin da makaɗa baƙar fata suka gano shi ne, idan mai jita yana kiɗa a kan E, kai kuma ka ɗauki harmonikar A maimakon ta E, to manyan sautukan da kake buƙata za su koma wajen zuƙa. Sautin zuƙa kuwa ana iya lanƙwasa shi: ka sauya zaman harshenka da maƙogwaronka, sai ya sauko ƙasa, ya faɗa tsakanin sautuka biyu, inda fiyano ba ta da maɓalli. A wannan tsakanin ne buluz yake zaune. Maƙeran Jamus ba su yi ta don haka ba, a hannun 'ya'yan bayi ta koyi kuka.

Sonny ya ƙara da nasa. Yana rufe harmonikar da tafukansa yana buɗewa, sai ta yi kamar jariri na kiran uwa. Yana kuma jefa ihu da siririyar murya tsakanin busa da busa, da saurin da ba ka gane inda numfashin ya tsaya da inda muryar ta fara. Da wannan yake kwaikwayon jirgin ƙasa yana tashi daga tasha, ko karnukan farauta sun biyo yanyawa, haushinsu da kiran mafarauci duk daga baki ɗaya. A ganina wannan ba wasan burge yara ba ne, ko da yake an sha ɗaukarsa haka. Mutum ne da ya san duniya ta kunne, yake kuma zana ta da sauti.

Kasuwa biyu a gari ɗaya

A New York sun fara samun masauki a wurin Lead Belly, shahararren mawaƙin nan da ya riga su zuwa. Ta hannunsa suka shiga cikin su Woody Guthrie da Pete Seeger, Turawa masu ra'ayin 'yan ƙwadago waɗanda suka ɗauki waƙar talakan karkara a matsayin muryar gaskiya ta Amurka. Ta nan kuma suka san Moses Asch, wanda ya kafa kamfanin faifai na Folkways a 1948. Waɗannan mutane sun buɗe musu ƙofofi da gaske, sun ci abinci tare da su a lokacin da hakan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da suke so a wurinsu a fili yake: jitar katako, harmonika, da waƙoƙin da aka gada.

A unguwar Harlem kuwa, inda 'yan uwansu 'yan ci-rani daga kudu suke, ba mai son a tuna masa gonar auduga. Wanda ya gudo daga bayan alfadari ya samu aikin masana'anta, idan ya fita daren Asabar da sabuwar kwat, saksofon yake son ji da ganga da jitar lantarki. Brownie ya ba su abin da suke so. Ya yi faya-fayai da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a kamfanin Savoy, kuma waƙarsa "My Fault" ta hau kusa da ƙololuwar jadawalin waƙoƙin baƙar fata a 1948. Shekara guda bayan haka ƙaninsa Stick, mai tura keken nan, ya fitar da "Drinkin' Wine Spo-Dee-O-Dee", waƙar da ta zama babbar nasara ta farko ga kamfanin Atlantic, Brownie yana kaɗa masa jita a ciki. Yana kuma naɗar waƙoƙi a wasu kamfanonin da sunayen aro, irin su Spider Sam, don kada yarjejeniya da kamfani ɗaya ta hana shi cin kasuwar wani.

Wato a shekarun nan mutum ɗaya yana da fuska biyu. A gaban ɗalibai da 'yan boko farar fata shi ɗan ƙauye ne mai jitar katako, a Harlem kuma ɗan gaye ne mai kiɗan zamani. Ban ga wadda za a kira ta ƙarya a cikinsu ba. Duka biyun ya iya, duka biyun nasa ne. Masu sauraro ne kowane ɓangare ya ɗauka nasa ne na ainihi.

Sonny ma bai zauna ba. A 1947 aka ɗauke shi a wasan Finian's Rainbow a Broadway, wanda aka yi sau 725. Masoya buluz suna ba da labarin cewa da aka ce masa dole ya riƙa busa abu iri ɗaya kowane dare sai ya ce ba zai iya ba, don shi bai taɓa busa waƙa sau biyu iri ɗaya ba, amma da aka faɗa masa albashin sai ya ce zai iya. Ko yaya ainihin zancen ya kasance, ya yi daidai da halin mutumin da ya san zafin tsayuwa a bakin sito yana jiran ƙarar kwabo. A 1955 su biyun suka shiga wasan Cat on a Hot Tin Roof na Tennessee Williams, suna fitowa a matsayin ma'aikatan gidan wani attajirin mai gonar auduga. Brownie ya sake fitowa a Simply Heavenly na Langston Hughes a 1957.

Kafin ƙarshen shekarun 1950 ɗaya daga cikin kasuwannin biyu ta rufe. Matasan baƙar fata sun koma kan su Ray Charles da kiɗan rok da ke tasowa, mai jita ɗan shekara 40 da ɗoriya ba shi da wuri a can. Ɗaya kasuwar kuma sai ta buɗe fiye da yadda kowa ya zata: jami'o'i, gidajen shan kofi, da bukukuwan waƙoƙin gargajiya irin na Newport da aka fara a 1959. Daga nan Brownie ya jingine jitar lantarki. Abin da ake saye yanzu shi ne su biyun tare, a kan kujeru biyu, ba ganga ba saksofon.

Turai ta karɓe su

Birtaniya ta riga ta shirya musu. A 1956 wani mawaƙi daga ƙungiyar jaz ta Chris Barber, Lonnie Donegan, ya yi tashe da "Rock Island Line", waƙar da aka sani ta bakin Lead Belly, kuma yaran Ingila dubbai suka sayi jita saboda ita. Barber ya shiga gayyato makaɗan Amurka na asali don mutane su ji daga tushe. A 1958 ya kawo Sonny da Brownie suka zaga ƙasar. A ƙarshen shekarar ya kawo Muddy Waters, wanda ya zo da jitar lantarki kamar yadda yake yi a Chicago, wasu masu sharhi suka yi ta ƙorafin ƙara. Da ya dawo bayan 'yan shekaru da jitar katako don ya faranta musu, sai ya tarar matasan sun koma son lantarkin. Sonny da Brownie ba su taɓa faɗawa wannan tarkon ba. Sun san abin da aka gayyace su yi, shi suke kawowa kowane zuwa.

A 1962 suna cikin ayarin farko na American Folk Blues Festival, rangadin da wasu Jamusawa biyu, Horst Lippmann da Fritz Rau, suka shirya, tare da John Lee Hooker da T-Bone Walker da Memphis Slim da Willie Dixon. Da ayarin ya tsaya a Manchester, cikin 'yan kallo akwai wasu samari da suka taso daga Landan, Mick Jagger da Keith Richards da Brian Jones, waɗanda ba a daɗe da kafa ƙungiyarsu ta Rolling Stones ba. Cikin shekara uku samarin nan sun yi kuɗin da dattawan da suka je kallo ba su taɓa mafarkinsa ba.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi adalci ga kowa. Turai ta ba mutanen nan abin da ƙasarsu ta hana su. Suna shiga otal ta ƙofar gaba, ana kiransu da girmamawa, ana yin tsit idan suna kiɗa, a daidai lokacin da a jihohin da aka haife su doka ba ta yarda su zauna teburi ɗaya da Bature a gidan abinci ba, sai da dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta zo. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma girmamawar tana da sharaɗi, ko da ba a furta shi ba: ka tsaya yadda muka hango ka. Ɗalibin da aka taɓa roƙo ya zo taron jami'a da kayan gargajiya don a ɗauki hoto, alhali maƙalar bincikensa ya so a tambaye shi, ya san ɗanɗanon wannan karramawa. Ana jin daɗinta, ana kuma jin inda take matsewa.

Wasu masu sharhi daga baya sun juya musu baya saboda wannan dalilin kansa. Da aka shiga tono tsofaffin makaɗan Mississippi irin su Son House da Skip James a 1964, mutanen da suka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba, sai aka fara cewa Sonny da Brownie sun cika santsi, sun cika sanin dandamali. An so su zama 'yan ƙauye, sun zama, sai kuma aka ce ƙauyancin nasu ya yi tsafta da yawa. Gaskiya ne cewa sun naɗi faya-fayai masu yawan gaske, wasu kuma maimaici ne kawai, an shiga an fito an karɓi kuɗi. Amma ƙwarewa ba laifi ba ce, kuma mutumin da ke ciyar da iyali da jita ba zai bar ta ta yi tsatsa don ya burge masu neman abin tausayi ba.

Kujeru biyu, ba magana

Abin da 'yan kallo ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, shi ne zaman doya da manja ake yi. Tun cikin shekarun 1970 mutanen biyu sun kai ba sa magana da juna idan sun sauka daga dandamali. Brownie ya koma Oakland a California, Sonny yana New York, faɗin Amurka gaba ɗaya a tsakaninsu. Sukan iso wurin wasa kowa ta hanyarsa. A kan dandamalin ma sukan jefi juna da magana, 'yan kallo suna dariya suna zaton cikin wasan ne. Daga baya abin ya kai wani lokacin ɗaya ya yi nasa waƙoƙin ɗayan yana zaune shiru, sannan a juya.

Wanda ya duba bangon faya-fayansu zai lura da wani abu: a wasu sunan Sonny ne a gaba, a wasu na Brownie. Ni dai ina ganin akwai abin karantawa a nan. Brownie ne ke rubuta yawancin sababbin waƙoƙin, shi ke riƙe da taki, shi ke rera mafi yawa, shi ne mai idon da ke karanta takarda. Amma da Sonny ya saki ihun nan nasa, tafin ya koma wajensa. Shi kuma Sonny ya riga Brownie suna, ya tsaya a zauren Carnegie tun Brownie bai taɓa shiga ɗakin naɗar murya ba, kuma ba zai so a riƙa yi masa kallon wanda ake ja ba. Buƙata ce ta haɗa su suna samari. Da buƙatar ta kau, sai suka tarar kasuwa ta ɗaure su da igiyar da ta fi ta farko ƙarfi, don masu shirya wasa sunan biyu suke saye a haɗe. Rabin sunan ba ya cika zaure.

Abin mamakin shi ne kiɗan bai nuna ba, aƙalla na dogon lokaci. Faifansu na 1973, Sonny & Brownie, wanda kamfanin A&M ya fitar da baƙi irin su John Mayall da Arlo Guthrie, cike yake da raha, har da waƙar da suke hirar tafiye-tafiyensu kamar aminai. A 1979 suka fito tare a fim ɗin barkwanci na Steve Martin, The Jerk, suna kiɗa a barandar wani gidan katako a karkarar Mississippi. Shekara 37 da barin kudu, ga su an sake zaunar da su a baranda.

A farkon shekarun 1980 suka raba gari. A 1982 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta fara ba da lambar girmamawa mafi girma ga masu fasahar gargajiya, kuma su biyun suna cikin rukunin farko da aka ba, kowa da sunansa daban.

Sonny ya yi faifai mai suna Whoopin' a 1984 tare da Johnny Winter da Willie Dixon, da ganga da jitar lantarki, irin kiɗan da aka yi shekaru ba a ba shi filin yi ba. Ya fito a fim ɗin The Color Purple a 1985, ya rasu a Maris na 1986. Brownie ya fito a Angel Heart a 1987, ya rage yawon wasa, ya rasu a Oakland a Fabrairun 1996. Tsarin da suka kafa na jita da harmonika bai bi su ba: John Cephas da Phil Wiggins daga yankin Washington sun ɗauke shi suka yi ta yawo da shi duniya har rasuwar Cephas a 2009.

Moses Asch ya rasu shekara ɗaya da Sonny. A 1987 cibiyar Smithsonian ta karɓi kamfaninsa na Folkways bisa sharaɗin cewa ba za a daina sayar da ko faifai ɗaya ba daga cikin fiye da 2,000 da ya bari, ko da mutum ɗaya ne ke nemansa a shekara. Saboda haka faifan da suka yi masa a 1958, Brownie McGhee and Sonny Terry Sing, yana nan a manhajojin sauraron kiɗa, kuma daga shi zan ce mai karatu ya fara. Wasan tashar jirgin Manchester ma yana YouTube, da ruwan saman da komai.